Zaɓen 7 da 8 ga Yulin 1996: yadda aka rushe CENI ana tsakiyar ƙirga ƙuri'u

A duk lokacin da aka tayar da maganar maguɗin zaɓe a Nijar, zaɓen da ake fara ambata shi ne na shugaban ƙasa da aka yi a ranakun 7 da 8 ga watan Yulin 1996. A ranar ta biyu, mutane na kan layi a wasu runfunan zaɓe na birnin Yamai, a wasu wuraren kuma an soma ƙirga, sai shugaban mulkin soja Janar Ibrahim Ba'are Mainasara, wanda shi ma ɗan takara ne, ya rushe hukumar zaɓe mai zaman kanta ta CENI. Ya naɗa wata sabuwar hukuma, aka yi wa abokan takararsa huɗu ɗaurin talala a gidajensu, sannan sabuwar hukumar ta ce ya lashe zaɓen tun zagayen farko da kashi 52.22 cikin 100. Yawancin waɗanda ke da shekarun zaɓe a Nijar a yau ba a haife su ba a lokacin, ko kuma suna ƙanana, don haka ga yadda abin ya faru, da mafarinsa, da abin da ya haifar.

Zamanin ɗan takara ɗaya

Murɗe zaɓe ya girmi ƴancin kan ƙasar. A zaɓen raba-gardama na Janar de Gaulle, ranar 28 ga Satumban 1958, shugaban gwamnatin Nijar na lokacin Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba sun yi kira a ce "a'a", wato a karɓi ƴanci nan take kamar yadda Gini ta yi. Faransa ta aiko da sabon gwamna, Don Jean Colombani, ana gab da zaɓen. Hukumar mulkin mallaka ta matsa wa sarakuna, aka baza sojoji a karkara, aka hana ƴan Sawaba sakat. Sakamakon da aka bayar ya ce "i" ta samu kusan kashi 78, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 na masu rajista ba. Djibo ya sauka daga mulki a watan Oktoba, a 1959 kuma aka haramta Sawaba.

Daga nan jam'iyyar PPN-RDA ta zama ita kaɗai a fage. Diori Hamani ya tsaya takara shi kaɗai a 1965 da 1970, kuma duk sau biyun aka ce fiye da kashi 98 na masu rajista sun fito, kusan kowa kuma ya zaɓe shi. Wannan a ƙasar da makiyaya da ƴan ci-rani ke yawo, hanyoyin mota kuma ba su kai yawancin garuruwa ba. Shekara huɗu bayan zaɓen 1970, ranar 15 ga Afrilun 1974, Seyni Kountché ya kifar da shi ana cikin yunwa, ba a kuma ga waɗancan miliyoyin masu ƙuri'a sun fito kare shi ba. Kountché bai wahalar da kansa da zaɓen shugaban ƙasa ba har ya rasu a 1987. Magajinsa Ali Saibou ya kafa MNSD, ya tsaya shi kaɗai ranar 10 ga Disamban 1989, aka ba shi kashi 99.6.

Irin wannan zaɓe ba ya buƙatar sata, tunda babu wanda za a sata a hannunsa. Aikin hukuma shi ne ta tara jama'a ta rubuta adadi. Abin ya sauya bayan harbin ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, da babban taron ƙasa na 1991, da kundin tsarin mulkin Disamban 1992. Daga lokacin, duk mai son riƙe mulki sai ya kara da abokan hamayya na gaske, masu jam'iyyu da wakilai a runfuna.

Darasin 1993

Ba za a gane abin da Ba'are ya yi a 1996 ba sai an duba zaɓen 1993. A zagayen farko, a watan Fabrairu, Tandja Mamadou na MNSD-Nassara ne ya zo na ɗaya da kashi 34 da ƴan kai. Mahamane Ousmane na CDS-Rahama ya samu kusan 27, Mahamadou Issoufou na PNDS-Tarayya kusan 16, Moumouni Adamou Djermakoye na ANDP-Zaman Lahiya kuma 15. A zagaye na biyu, ranar 27 ga Maris, sauran suka haɗa kai a ƙawancen AFC suka mara wa Ousmane baya, ya ci da kusan kashi 54, shi ya sa har gobe magoya bayansa ke kiran sa Nafarko. Wanda ya zo na ɗaya a zagayen farko ya faɗi.

Kowane ɗan siyasar Nijar ya haddace wannan darasi. Ƙuri'un ƙasar a rarrabe suke tsakanin manyan jam'iyyu uku ko huɗu, kowace da yankin da take da ƙarfi: CDS a Damagaram da Maraɗi, PNDS a Tawa, ANDP a Dosso, MNSD kuma da ta gaji tsarin jam'iyya ɗaya tana da rassa ko'ina, musamman a yamma. Ba mai iya haura rabi shi kaɗai. Mulki na hannun wanda ya iya ƙulla ƙawance tsakanin zagaye biyun.

Ƙawancen AFC bai daɗe ba. Issoufou ya ajiye muƙamin faraminista a Satumban 1994, PNDS ta koma wajen MNSD. Ousmane ya rushe majalisa, aka sake zaɓen ƴan majalisa a Janairun 1995, ƴan adawa suka samu kujeru 43 cikin 83. Dole shugaban ƙasa ya karɓi Hama Amadou a matsayin faraminista, Issoufou ya zama shugaban majalisa. Aka shiga zaman doya da manja na kusan shekara guda: ana jayayya a kan wa ke da ikon naɗa manyan ma'aikata, wa ke tsara ajandar taron ministoci, har ya kai shugaban ƙasa na ƙin zaman taron. Albashi na maƙalewa, makarantu na yajin aiki.

Ranar 27 ga Janairun 1996, hafsan hafsoshin soja Kanal Ibrahim Ba'are Mainasara ya yi juyin mulki. Ɗan asalin Arewa ne, yankin Dogon Dutsi, tsohon dogarin Kountché, ya yi kwamandan sojojin laima, ya yi ministan lafiya, ya yi jakada a Aljeriya. Gaskiyar magana, jama'a da dama sun yi ajiyar zuciya a ranar, don sun gaji da rigimar ƴan siyasa. Ba'are ya kafa majalisar mulkin soja ta CSN, ya dakatar da jam'iyyu, ya naɗa Boukary Adji faraminista, ya kuma ce shi ba mulki ya kawo shi ba, gyara zai yi ya koma bariki.

Daga kaki zuwa babbar riga

Masu ba da agaji sun matsa a gaggauta maida mulki ga farar hula, kuma wannan gaggawa ta yi wa Ba'are daidai. An kira wani taron ƙasa a watan Afrilu, aka rubuta sabon kundin tsarin mulki da ya tattara iko a hannun shugaban ƙasa don kada a sake samun shugaba da faraminista masu jan igiya. Aka kai shi zaɓen raba-gardama ranar 12 ga Mayu, ya wuce da kashi 92, kodayake kusan kashi 35 ne kawai suka fito. A cikin watan ne aka ƙara masa girma zuwa Janar. Kwamitocin goyon baya da ake kira COSIMBA suka bazu a jihohi suna roƙon sa ya tsaya, shi kuma ya amsa roƙon, ya fito a matsayin ɗan takara mai zaman kansa.

Sai ranar 20 ga Mayu aka ɗage takunkumin da aka sa wa jam'iyyu, saura mako bakwai a yi zaɓe. Kafin nan, Ba'are ya riga ya zagaya ƙasa da rigar shugaban ƙasa, rediyo da talabijin na gwamnati na biye da shi, manyan jami'an jihohi kuma shi ya naɗa su. A fili yake an riga malam masallaci.

Duk da haka akwai abu guda da bai shiga hannunsa ba, wato CENI. Hukumar na ƙunshe da wakilan jam'iyyu da ƙungiyoyin farar hula da alƙalai, kuma ita ta shirya zaɓen ƴan majalisa na 1995, wanda shugaba mai ci ya faɗi kuma aka bayyana haka. Hukumar ta nemi a ɗage zaɓen saboda rajistar masu zaɓe da katuna ba su kammala ba, ga damina ta kama. Sojoji suka ƙi.

Lissafin Ba'are mai sauƙi ne. Abokan takararsa su ne mutane huɗun da suka raba fiye da kashi 90 na ƙuri'un 1993: Tandja, Ousmane, Issoufou da Djermakoye. Sun ɓata da juna ƙwarai, amma shi ya kore su daga mulki, don haka in aka je zagaye na biyu abu ne mai wuya manyansu su ƙi haɗuwa a kansa. Ko da ya zo na ɗaya, makomar Tandja ta 1993 ke jiran sa. Hanyarsa ɗaya ce, ya haura rabi tun zagayen farko, abin da ba wanda ya taɓa yi a zaɓen jam'iyyu da yawa a Nijar, kafin shi ko bayansa.

Kwana biyun

Ranar Lahadi 7 ga Yuli aka buɗe runfuna. Kamar yadda CENI ta yi gargaɗi, kayan zaɓe ba su isa wurare da dama ba, har da Yamai, sai aka ƙara kwana guda. Wannan ya haifar da wani yanayi: inda aka gama ranar Lahadi an ƙirga, sakamako ya fara isowa, jam'iyyu kuma na tattara nasu alƙaluman daga wakilansu, alhali wasu wuraren ba su jefa ƙuri'a ba tukuna. Ƴan adawa da masu sa ido sun ce abin da ya fara shigowa ya nuna Janar ɗin na nesa da rabi.

Ranar Litinin 8 ga wata aka ba da sanarwar rushe CENI. Hujjar gwamnati ita ce hukumar ta gaza shirya zaɓen, kuma ta bari sakamako na fita tun ba a gama ba. Aka maye gurbinta da wata hukuma mai suna CNE, wadda gwamnati ta zaɓi mutanenta. Jami'an tsaro suka kwashe akwatunan zaɓe daga runfuna zuwa ofisoshin hukuma, aka ƙirga su ba tare da wakilan ƴan takara ba. Aka girke sojoji a ƙofar gidajen ƴan takara huɗun, suka yi kimanin mako biyu ba fita. Aka hana tarurruka. Gidan rediyon Anfani mai zaman kansa na Grémah Boucar, wanda ke ba ƴan adawa damar magana, sojoji sun rufe shi a daidai wannan lokaci.

Ya kamata a tsaya kaɗan a kan batun ɗauke akwati, domin nan ne zuciyar lamarin. A ƙa'ida, da zarar an rufe runfa, a nan take ake buɗe akwati a ƙirga a gaban jama'a. Wakilin kowane ɗan takara na gani, a rubuta adadi a takardar sakamako da ake kira PV, kowa ya sa hannu. Wannan takarda ita ce shaidar da jam'iyya ke riƙewa. Idan adadin da aka faɗa a Yamai ya saɓa da jimillar takardun runfuna, da su ake zuwa kotu. Maguɗin da ake yi a cikin runfa, irin su jefa ƙuri'a sau biyu, ko amfani da katin mamaci, ko sayen ƙuri'a da turmin atamfa da buhun shinkafa, yana iya motsa sakamako da ɗan kaɗan, amma yana da tsada, yana buƙatar hannaye da yawa, kuma yana barin sawu. Wanda ya raba akwati da wakilai kuwa ya huta da duk wannan. Ba sauran takardar da za a gwada da adadinsa, abin da ya rubuta shi ne sakamako.

Alƙaluman CNE

Cikin ƴan kwanaki CNE ta fitar da sakamako. Ba'are kashi 52.22, Mahamane Ousmane 19.75, Tandja Mamadou 15.65, Mahamadou Issoufou 7.60, Djermakoye 4.77. An ce kashi 66 na masu rajista sun fito, kusan ninki biyu na waɗanda suka fito a raba-gardamar watan Mayu, kuma ana tsakiyar aikin gona.

In aka jera su da na 1993, Tandja ya rasa fiye da rabin kasonsa, Issoufou ma haka, Djermakoye ya rasa kashi biyu cikin uku. Magoya bayan Ba'are na cewa wannan hukuncin talakawa ne a kan ƴan siyasar da suka ɓata shekara uku suna faɗa, kuma ba za a musanta cewa Janar ɗin na da masoya ba, musamman a Arewa da cikin waɗanda suka fice daga tsofaffin jam'iyyu. Sai dai akwai ma'auni na uku. A watan Oktoban 1999, bayan rasuwarsa, aka sake zaɓe a ƙarƙashin hukuma mai zaman kanta: Tandja ya samu kashi 32, Issoufou kusan 23, Ousmane 22 da rabi, Djermakoye kusan 8, ɗan takarar jam'iyyar Ba'are ta RDP-Jama'a, Hamid Algabid, ya tashi da kusan 11. Taswirar 1993 ta dawo kusan yadda take. Ko an cire abin da mutuwar shugaba da rashin mulki ke rage wa jam'iyya, tazarar da ke tsakanin 52 da 11 ta yi yawa.

Shi kansa adadin 52 abin lura ne. Zamanin 99 ya wuce, domin ba mai ba da agajin da zai karɓe shi a 1996. Abin da ake buƙata shi ne adadin da ya ɗan haura rabi, ya rufe ƙofar zagaye na biyu, ya kuma yi kama da sakamakon takara ta gaske.

Kotun Ƙoli ta tabbatar da sakamakon ranar 21 ga Yuli, aka rantsar da Ba'are ranar 7 ga Agusta a matsayin shugaban Jamhuriya ta huɗu. An yi zanga-zanga, mafi zafi a Damagaram, mahaifar Ousmane, ƙungiyar ƙwadago ta USTN kuma ta kira yajin aiki. A waje, bakin bai zo ɗaya ba. Cibiyar NDI ta Amurka, da ke taimaka wa masu sa ido na cikin gida, ta yi tir da zaɓen, gwamnatin Amurka kuma ta tsayar da yawancin agajinta. Faransa ta Jacques Chirac ta karɓi sakamakon ta ci gaba da hulɗa da shi, kuma a wancan zamani amincewar Faransa ita ce mai nauyi a Yamai.

Shekara uku ba zaman lafiya

Ba'are ya samu kujera, amma bai samu natsuwa a kanta ba. Manyan jam'iyyun suka kafa ƙawancen FRDD, suka ƙaurace wa zaɓen ƴan majalisa na 23 ga Nuwamban 1996, ƙungiyar magoya bayansa ta UNIRD ta kwashe kujeru 59 cikin 83. A Janairun 1997, bayan wata zanga-zanga a Yamai, aka kama Ousmane da Tandja da Issoufou aka tsare su fiye da kwana goma. An yi ta kama ƴan jarida, wasu an yi musu dukan kawo wuƙa, aka farfasa kayan aikin rediyon Anfani a 1997. Bashin albashi ya taru wata da watanni, a farkon 1998 sojoji suka yi bore a barikoki kan haƙƙoƙinsu. Wani abin dariya a ciki shi ne, mutanen da rigimarsu ta ba shi hujjar juyin mulki, shi ne ya sasanta su.

A 1998 aka cimma yarjejeniya da ƴan adawa, aka dawo da hukumar zaɓe mai zaman kanta domin zaɓen ƙananan hukumomi da na jihohi. An yi shi ranar 7 ga Fabrairun 1999. Da sakamako ya fara nuna ƴan adawa na gaba, sai wasu mutane suka afka wa wuraren tattara ƙuri'u a sassa da dama suka lalata takardu. A farkon Afrilu Kotun Ƙoli ta soke sakamakon wurare masu yawa ta ce a sake, ƴan adawa suka ce Ba'are ya sauka. Ranar 9 ga Afrilun 1999, yana shirin hawa jirgi mai saukar ungulu a filin jirgin saman soja na Yamai, sojojin da ke tsaron sa suka harbe shi. Faraminista Ibrahim Hassane Mayaki ya bayyana kisan a matsayin hatsari. Kwamandan rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa, Daouda Malam Wanké, ya karɓi mulki. Kundin tsarin mulkin Yulin 1999 ya yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 1996 da na 1999 baki ɗaya, iyalan marigayin kuma sun shafe shekaru suna neman a yi bincike, har suka kai ƙara kotun CEDEAO. Kisa ne, kuma maguɗin 1996 bai halatta shi ba. Abin da za a iya cewa kawai shi ne, sau biyu cikin shekara uku an toshe hanyar sauya mulki ta akwati, ƙasar kuma ta koma hannun masu bindiga.

A zagaye na biyu na Nuwamban 1999 Tandja ya doke Issoufou da kusan kashi 60. Mutumin da CNE ta ba 15.65 ya yi shekara goma yana mulki, wanda ta ba 7.60 ma ya yi goma daga 2011.

Ba Nijar kaɗai ba

Salon tsayar da ƙirga ya zagaya yankin a waɗannan shekaru. A Najeriya, Janar Babangida ya soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 bayan sakamako ya nuna Abiola na gaba. A Togo, a Yunin 1998, shugabar hukumar zaɓe Awa Nana ta yi murabus ana cikin tattara sakamako, ma'aikatar cikin gida ta karɓi aikin ta ce Eyadéma ya ci, shi ma da kashi 52. Wanda ya fi kama da na Ba'are shi ne na Kodebuwa a Oktoban 2000: Janar Robert Guéï, wanda ya zo ta juyin mulki da alkawarin share gida ya tafi, ya tsaya takara, ya rushe hukumar zaɓe ana ƙirga, ya ce shi ya ci. A can jama'a suka cika titunan Abijan, jandarmomi da wani ɓangare na soja suka juya masa baya, ya tsere washegari. Bambancin Yamai da Abijan shi ne, a 1996 rundunar sojan Nijar ta tsaya tare da shugabanta.

Bayan Ba'are

Tun daga lokacin ba a sake rushe CENI ana ƙirga ba, rigimar ta koma wasu wurare. A 2009, da wa'adinsa na biyu ya zo ƙarshe, Tandja ya nemi ƙarin shekara uku, abin da aka sani da Tazarce, kalmar da aka sha ji a Najeriya zamanin Abacha. Ya rushe majalisa a watan Mayu. Kotun tsarin mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye ta ce raba-gardamar haramtacciya ce, ya rushe kotun a ƙarshen Yuni. Aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, ƴan adawa suka ƙaurace, aka ce "i" ta samu kashi 92.5 kuma kashi 68 sun fito, adadin da ƴan adawa suka ce bai yi kama da runfunan da aka gani fayau ba. CEDEAO ta dakatar da Nijar a watan Oktoba, ranar 18 ga Fabrairun 2010 kuma Salou Djibo ya kifar da Tandja. Wanda aka yi wa ɗaurin talala a 1996 shi ne ya kori alƙalai a 2009.

A 2016 magoya bayan Issoufou sun yi kamfe da taken bugu ɗaya, wato a gama tun zagayen farko. Bai samu ba, CENI ta ba shi kashi 48 da ƴan kai, kuma wannan kansa shaida ce cewa hukumar ta 2016 ba CNE ba ce. Matsalar ta wani gefen take. Wanda ya zo na biyu, Hama Amadou, ya yi takarar ne daga gidan kason Filinge, inda ake tsare da shi tun Nuwamban 2015 kan shari'ar safarar jarirai, wadda shi ya ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ce. An kuma yi taƙaddama kan barin wanda ba shi da takardar shaida ya yi zaɓe in mutum biyu sun shaide shi. Ƙawancen COPA 2016 ya janye daga zagaye na biyu, aka fitar da Hama zuwa Faransa jinya kwana huɗu kafin zaɓen 20 ga Maris, Issoufou ya samu kashi 92.5, daidai da adadin Tazarce.

A zaɓen 2020 zuwa 2021 kotu ta hana Hama tsayawa saboda hukuncin da aka yanke masa. Mohamed Bazoum ya kara da Mahamane Ousmane a zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairun 2021, kotun tsarin mulki ta ba Bazoum kashi 55.66. Ousmane ya ce shi ya ci da ɗan rinjaye, ya yi zargin aringizon ƙuri'u a wasu yankunan makiyaya na Agadas da Tawa. Masu sa ido na CEDEAO da Tarayyar Afirka sun karɓi zaɓen. An yi tarzoma a Yamai, mutum biyu suka mutu, aka katse intanet na wayar salula kimanin kwana goma. An rantsar da Bazoum ranar 2 ga Afrilu, karo na farko da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe a tarihin ƙasar. Ranar 26 ga Yulin 2023 kwamandan rundunar tsaron fadarsa, Janar Abdourahamane Tiani, ya kifar da shi. A watan Maris na 2025 aka rantsar da Tiani a matsayin shugaban ƙasa na wa'adin shekara biyar da za a iya sake dubawa, ba tare da zaɓe ba, aka kuma rushe dukkan jam'iyyun siyasa, har da huɗun da suka yi takara da Ba'are a 1996.